Baiko Biyu: Yadda Ake Rubuta Labarin Ban Dariya Kan Ƴan Matan Ikilisiya a Maraɗi

Wata ranar Lahadi ina zaune a ɓangaren mata, mai jagorar sujada ya miƙe ya ce, "To jama'a, lokacin baiko ya yi." Nufinsa kowa ya fito da abin da zai jefa a kwano. Tsohuwar da ke kusa da ni, wadda ta goyi uwata balle ni, sai ta zungure ni da gwiwar hannu ta raɗa mini, "Kin ji ko, ɗiyata? Na kowa ya yi. Naki hwa?" Dala ashirin ce a hannuna, na rasa kuka zan yi ko dariya. Dariyar ce ta ƙwace, har ƴan kwaya suka waiwayo. Da daddare na juya bayan littafin da nake shirya darasin ƴan makaranta, na rubuta abin yadda ya faru, na ƙara masa gishiri, na tura wa ƙawaye huɗu ta WhatsApp. Kafin Laraba wata ta turo mini shi daga Yamai, wai in karanta in sha dariya.

Tun daga nan nake irin wannan rubutu, kuma ƴan'uwa mata da dama sun tambaye ni ta ina ake kama shi. A Amurka ya yi tashe a farkon shekarun 2000: budurwa mai bi, mai aikin ofis, tana fama da shugaban aiki da samari da uwa mai ɗokin jika. Littattafan soyayya da ake kawo mana daga Kano kuwa, da su muka san daɗin karatun Hausa, amma ba mu ciki. Tsakanin biyun nan akwai gona guda da ba a taɓa sa mata fartanya ba. Ga yadda nake bi. Da "ke" zan yi magana, ɗan'uwa namiji da ya leƙo ya yi haƙuri, shi ma zai tsinci nasa.

Mataki na farko: ki ƙirga garin kafin ki ƙago kowa

Labarin ba zai ba da dariya ba sai mai karatu ta ji matsin da jarumarki ke ciki. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18, binciken 2012 kuma ya sa jihar Maraɗi gaba da kowa, da kashi 89. Ke nan macen da ta kai 29 ba aure a garin nan, sa'o'inta sun fara tara wa ɗiyansu kayan ɗaki. Ki ɗora da cewa mu Kiristoci a ƙasar ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba. Kasuwar ƙarama ce, ƴan kallo kuwa gari guda.

Ɗauki takarda ki ƙago ikilisiya mai mutum ɗari da ashirin, ki jera mazan da ba su da mata. Da ƙyar za su wuce shida. Biyu ƴan'uwanta ne na jini. Ɗaya bana ya ci BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Ɗaya ya tafi karatu Yamai ya dawo da hoton wata a fuskar wayarsa. Ɗaya matarsa ta rasu ta bar masa yara biyar, kuma dattawa sun fara kallon jarumarki ta wutsiyar ido. Na shidan shi ne mai kiɗa fiyano, wanda ya riga ya gaya wa ƴan mata uku daban-daban cewa Ubangiji ya nuna masa su a mafarki. Kin samu rabin labarinki ke nan ba ki rubuta layi ko ɗaya ba.

Sai zumunci. Gidajen masu bi na yankin nan a sarƙe suke tun zamanin ƴan mishan. Kakan wannan ya yi aiki a asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, kakar wancan ta yi aikin jinya a Danja, inda aka kafa asibitin masu cutar kuturta a 1956, uban wancan kuma benci ɗaya suka zauna da fastonku a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye. Saurayi bai rufe baki daga gaisuwa ba an tono kakarsa. Kafin jaruma ta riƙe sunansa, gwaggonta ta tuno buhun hatsin da kakansa ya ranta bai mayar ba. Kada kuma ki manta garin ba mu kaɗai ba ne masu sujada ranar Lahadi. Akwai Katolika, da bishop ɗinsu a nan Maraɗi tun 2001, akwai baƙi daga Benin da Togo da Burkina Faso da Najeriya. Saurayi ɗan Togo mai gyaran firji, wanda a kasuwa ya koyi Hausa, ranar da ya zo gaida surukai ya ce wa baba "nawa gaskiya?", shi kaɗai babi ne.

Mataki na biyu: ki ba ta aiki na gaske da aibi na gaske

Suna daga cikin namu za ki ɗauko: Rifkatu, Hannatu, Rahila, Saratu, ko sunan rana irin Ladi da Talatu. Don jagorar nan bari in ƙago wata in kira ta Tabita. Shekararta 29, ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin haihuwa, tana gidan iyayenta a Sabon Gari, tana da ɗan babur ja.

Da gangan na mai da ita ungozoma. Aikin da za ki zaɓa ya zama mai fama mata ciwon kullum. Tabita na karɓar haihuwar yaran da ta girma da shekara goma, kuma tsakanin nishi da nishi mai naƙuda za ta ɗago kai ta ce, "Madam, ke ɗiyanki nawa?" In ba ki son asibiti, ga malamar kwantiragi da aka tura wani ƙauye gaba da Dakoro, inda babu majami'a, ita ce fasto ita ce kwaya ita ce mai karɓar baiko a ɗakinta. Ga akanta a wani furoje, wato aikin wata ƙungiyar raya ƙasa, wadda albashinta ya fi na samarin shida in an haɗa, har ana cewa tana ba maza tsoro. Ga tela wadda ta ɗinka ankon bikin kowa a ikilisiya.

Aikin nan kada ya zama allon ƙofar shago, a ambace shi a shafin farko a manta. Ya riƙa cin lokacinta, ya riƙa karo da sauran rayuwarta: gadin dare ya faɗo ranar gwajin waƙa, sabuwar shugaba ta sa mata ido, damar ƙaro karatu ta fito a daidai lokacin da wani ya fara motsi. Kuma ta so aikin. Kuskuren da na fi gani a rubutun masu farawa shi ne jaruma mai zaman jiran miji kamar mai jiran mota a tasha. Lidiya ta Ayyukan Manzanni 16 ƴar kasuwa ce mai gidan kanta. A sura ta 21 kuma Filibus yana da ɗiya huɗu ƴan mata masu annabci, ba a rubuta mana cewa zumuntar matan Kaisariya ta kira taron gaggawa a kansu ba.

Aibi kuwa wajibi ne, don waliyyiya ba ta ba da dariya. Tabita tawa bakinta reza ne, tana auna mutum da farcen ƙafarsa, kuma a bayan Littafi Mai Tsarkinta, wajen taswirori, ta ɓoye takarda mai sharuɗɗa goma sha huɗu. Na tara shi ne kada ya riƙa cewa "amin" kafin a gama addu'a.

Mataki na uku: ki san inda dariyar take kwance

Nan ne aikin yake, nan kuma zan daɗe.

Kafin ki saki kowace barkwanci ki tambayi kanki wa kibiyar ta nufa. Allah da Maganarsa da addu'a kanta ba abin wasa ba ne. Macen da ba ta haihu ba, da mai naƙasa, da talaka don talaucinsa, su ma ki kauce musu. Kalmar "kwantai" kada ta taɓa fitowa daga bakin mai ba da labari. In za ta fito, ta fito daga bakin wanda zai ji kunyarta kafin a rufe littafin. Abin da ya rage miki yana da yawa, kuma mafi daɗinsa shi ne mutanen kirki masu kyakkyawar niyya, waɗanda ƙaunarsu ke taka mutum a ƙafa.

Rijiya ta farko ita ce harshen ikilisiya, wato tazarar da ke tsakanin abin da aka faɗa da abin da ake nufi. "Mu sa ta a addu'a" wani lokaci buɗe taron tsegumi ne. "Ƴar'uwa, ina so mu ƙara zumunci" kowa ya san inda ya dosa. "Ubangiji ya nuna mini ke ce" kuwa amsarsa a shirye take: "To madalla, ni ma ya san gidanmu, bari in jira." Duba wannan ɗan guntu:

*Mama Fasto ta gyara tabarau ta ce, "Saura batu guda na addu'a. Ba za mu kama suna ba." Mata talatin suka sunkuyar da kai. "Akwai wata ɗiyarmu, ma'aikaciyar lahiya, mai babur ja." Tabita ta dubi makullin da ke hannunta, ta tura shi ƙarƙashin cinya. "Uba, ka san ta. Shekarunta kuma... ka san su." Aka ce amin. "Ba mu ce laihinta ne ba. Amma in akwai ruwan ido, Uba, ka tsane shi." Amin ɗin da ya fito daga kusurwar hagu ya fi na kowa ƙarfi, kuma Tabita ta gane muryar, don mai ita ce ta haife ta. Da aka tashi, mata bakwai suka rungume ta ɗaya bayan ɗaya, kowace tana cewa ita dai ba ta san wa ake nufi ba.*

Ki lura babu mugu a ɗakin nan, duk son ta suke. Mai ba da labari bai yi dariya ba, bai ce "abin ban dariya" ba, bai jera hotunan fuska mai hawaye ba. Abin yana hawa ne tsani-tsani, daga babur zuwa shekaru zuwa uwa, mafi zafi a ƙarshe. Makullin nan da ta ɓoye ya fi shafi guda na bayanin yadda kunya ta kama ta. In kin ji kina son yin bayanin barkwancinki, to bai nuna ba, ki mayar da shi wuta.

Rijiya ta biyu al'ada ce ta haƙa mana ita. Tabita ba za ta mayar wa Mama Fasto magana ba, balle uwarta. Bakinta zai ce "To, Mama", zuciyarta na faɗin wani abu dabam, shi ya sa na fi son jaruma ta ba da labarin da bakinta, mai karatu ta ji duka biyun. Amma akwai mutanen da aka halatta mata wasa da su: kaka, taubashi, da abokin wasa na ƙabila. Wasan nan namu na Nijar har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014, mu kuwa da shi muka buɗe ido. Kaka za ta faɗi abin da fasto ba zai iya ba: "Kishiya, ni dai na ci zamanina. Ke mi kike jira, wanda mala'iku za su sauko da shi cikin akwati?" Tabita ta ce, "Ke da aka ba ki tsoho mai haƙori uku, ina kika san zaɓe?" Ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. In Tabita Bagobira ce, ki ajiye mata Bazabarme a wurin aiki, ya riƙa taya ta dala biyar kullum safe. A bakin irin waɗannan mutane ne gaskiya mai ɗaci ke wucewa ba ta ƙona kowa ba.

Rijiya ta uku garin ne da kansa. Saurayin da ya zo zance cikin kwat a zafin Afrilu, aka ɗauke wuta, ya ƙi cire kwat ɗin don rigar ciki ta yage. Ɗan kabu-kabu da ya san duk inda ta je a makon. Ƴan fadar bakin lungu da butar shayinsu, waɗanda ke riƙe da rajistar duk mai sallama a ƙofar gidan: "Yaya Tabita, mai farar mota bai komo ba, ko ya hwaɗi jarrabawa?" Ki fita da ɗan littafi a jaka mako biyu, ki rubuta maganganun da kika ji a tasha da gidan biki da bakin majami'a bayan an tashi. Abin da mutane ke faɗa da gaske ya fi duk abin da za ki ƙago.

Mataki na huɗu: samarin

Uku sun isa, fiye da haka ya zama jerin gwano. Kowanne ki ba shi abu guda da zai sa mai karatu ta ce "da ma ta haƙura da wannan", da wani guda da zai sa ta ce "a'a, gara dai". Mai fiyanon nan na mafarki, shi ne kuma ya kwana uku a asibiti da baban Tabita. Ɗan kasuwan da ke bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina hannunsa a sake yake, sai dai duk hira sai ta koma kan canjin naira da sefa, ranar da ya furta yana son ta ma da lissafin riba ya faɗa. Na ukun shi ne mai yara biyar. Shi kansa bai gama makokin matarsa ba, dattawa ne ke tura shi, don haka su biyun suka haɗa baki su riƙa tsayawa minti goma bayan sujada don a shafa musu lafiya. Daga irin wannan tsayuwar ƙarya ne abota ke tsirowa, kuma ke marubuciya ba dole ki san tun farko inda za ta kai ba.

Ki san hanyar da neman aure ke bi a wurinmu, don kowace gaɓa fage ce: gaisuwa bayan sujada, aya a waya kowace asuba, zuwa zance ƙofar gida, sanar da fasto da dattawa, manya su kai gaisuwa, sadaki, akwati, koyarwar aure, ofishin magajin gari, sannan majami'a. Ikilisiyoyi sun ɗan bambanta, ki zauna da matar wani dattijo ta warware miki yadda ake yi a taku. Za ta yi zaton naki ne ya zo, wannan ma ki rubuta shi.

Akwai na huɗu da yawancinmu ke tsoron taɓawa: abokin aiki Musulmi, mutumin kirki, mai kunya, wanda ya fi duk ukun can fahimtar ta. Ƴar ikilisiya mai aiki a Maraɗi ba sai an kwatanta mata shi ba. Da yawanmu kawu ko gwaggo Musulmi ne, da Babbar Salla nama na shigo mana, da Kirsimeti kwanoninmu na zaga unguwa. In kin sa shi a labari, kada ki mai da shi mugu don ki sauƙaƙa wa Tabita hukunci. Ayar da za a buɗe mata 2 Korantiyawa 6:14 ce, kowa ya sani, amma nauyinta ba zai bayyana ba sai abin da za ta bari mai kyau ne. Dariyar wannan babi ta tsaya kan kunyar su biyun da sa idon abokan aiki, addinin kowa ki bar shi inda yake. Wanda ya tuna majami'un da aka ƙone a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, kan zanen da wata jarida ta buga a Faransa, ya san abin da aka sa a takarda yana zuwa inda mai shi bai aike shi ba.

Mataki na biyar: bangaskiya, ba tare da hawa mumbari ba

Jarabar marubuciya mai bi ita ce ta tsayar da labari ta kama wa'azi. Mai karatu ta ji na ranar Lahadi, kuma wanda ya yi shi ya fi ki iyawa. Aya guda a babi ta isa, ta fito daga bakin wani da ke da bukatarta, ko da ya murɗe ta. Gwaggo ta karanto labarin Rut don ta nuna mace ma na iya fara motsi. Kaka ta kawo Farawa 24 ta ce Rifkatu a bakin rijiya aka gan ta, "ku kuwa an sa muku hwamho cikin gida, wa zai gan ku?" Tabita ta kare kanta da 1 Korantiyawa 7, inda Bulus ya yaba zama ba aure, uwarta ta ce, "Bulus ba shi da ɗiya."

Amma sau ɗaya ko biyu a labarin dariya ta tsaya cak. Daren bikin ƙanwarta, an watse, ta shigo da babur zaure ta kashe shi, ta zauna a kai cikin anko ba ta sauka ba. Nan ki bar ta ta yi addu'a irin ta Zabura 13, ta "har yaushe", da kalmominta, ba gyara. Kada ki amsa mata a babin. In babu wannan fage, sauran labarin wasan yara ne, kuma ƴar'uwar da ke karantawa da ƙarfe ɗaya na dare za ta gane ba ki san ciwon ba.

Wanda ya ce dariya ba ta dace da masu bi ba, ki tuna masa Saratu ta yi ta a bayan ƙofar alfarwa a Farawa 18, har ta yi musu, kuma sunan ɗan da ta haifa, Ishaku, daga dariya aka samo shi.

Mataki na shida: tsari, da inda za ki sauke kaya

In ta waya za ki fitar, ki yanka shi kashi goma zuwa goma sha biyu, kowanne kalma 700 zuwa 900, abin da za a karanta kafin shayin farko ya nuna. Ki rataye shi a kan shekara guda: Kirsimeti, lokacin da dangi ke dawowa da tambayoyinsu, sai Ista, sai zafin Afrilu da Mayu, sai damina, sai kaka da bukukuwanta. Igiya uku ce a hannunki, aiki da gida da zuciya, kowane kashi aƙalla biyu su harɗe. Ranar da manyan saurayi za su zo gaisuwa ita ce ranar da aka kawo mai tagwaye, Tabita ta iso bayan magariba tana warin jabel, ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta.

Ƙarshe kuwa, a nan ina da ra'ayi mai tauri. Kada ki biya ta da miji. In kika nuna ta yi azumi, ta tuba daga ruwan ido, sai ga mai mota ya faɗo daga sama, kin gaya wa ƴar'uwa mai shekara 35, wadda ta fi Tabita azumi, cewa addu'arta ce ba ta kai ba. Tana iya yin aure, ban hana ba, amma kada ya zo kamar albashin ƙarshen wata. Abin da ya zama dole shi ne wani abu ya sauya a cikinta, ya kuma sauya a cikin mutum guda na kusa da ita. Wataƙila ta yage takardar sharuɗɗan, ko ta rage su zuwa uku. Wataƙila ta tafi ƙaro karatun, kaka ta cika mata jaka da ƙuli-ƙuli tana zaginta. A dogon labarina na farko uwar ce ta sauya. Aka sake tayar da "batun da ba a kama suna" a zumuntar mata, sai ta ɗaga hannu ta ce, "A bar wanga. A roƙa muna ruwa, hatsi na bushewa." A nan na tsaya.

Mataki na bakwai: harshe

Bayani ki yi shi da daidaitacciyar Hausa don na Kano da Jos su bi ki. Magana kuwa ki bar ta da bakin Maraɗi: "mi", "lahiya", "tahi", "ɗiya", "shina zuwa". Dattawa su riƙa jefo Hausar Littafi Mai Tsarki, ƴan aiki su ce buro da lakwal da farmasi. Kuɗi a ƙirga su da dala da jaka. Ki sa allon rubutun Hausa a wayarki don haruffa masu lanƙwasa, in ba haka ba ƴan fada da ƴan faɗa za su zama ɗaya. In kin gama kashi, ki karanta shi da ƙarfi. Inda numfashinki ya sarƙe, jimlar ta yi tsawo. Inda kika ji kunya, ki duba ko ƙarya kika yi ko gaskiya ce ta yi yawa.

Mataki na takwas: kafin ki danna "tura"

Garin ƙarami ne, ikilisiya ta fi shi ƙanƙanta. Duk wanda kika ɗauko daga rayuwa ki sauya masa abu uku, sana'a da unguwa da siffa, ko ki haɗa mutum biyu su zama ɗaya. Abin da aka gaya miki a asirce, ko kika ji a wurin addu'a ana kuka, ba naki ba ne, komai daɗinsa. Ki ba mutum biyu su fara karantawa: ƙawa mai saurin dariya, da dattijuwa mai tsoron Allah wadda ba ta tsoron ki. Ki sa sunanki ko sunan alƙalami a sama da ƙasan kowane kashi, don in aka fara turawa kai ne ke fara ɓacewa. Ki tsai da rana guda a mako ki riƙe ta. Sannan ki karanta shi da murya ki ɗauka, saboda iyayenmu mata da yawa da kunne suke karatu.

Ta nan ne nawa ya kai ga tsohuwar nan ta ranar baiko. Jikarta ce ta kunna mata. Lahadi ta gaba ana tashi ta aiko a kira ni, na tafi gabana na faɗuwa, na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗiyata, an sa mini labarin nan naki. Tsohuwar ciki, ni ce ko?"

Na ce, "Iya, ai ƙage ne."

Ta ce, "Ƙagen mi? Ni ba da gwiwar hannu na taɓa ki ba, da mahuci ne. Ki gyara." Ta kama hannuna ta jawo ni kusa, ta rage murya. "Kuma akwai jikan ƙanena a Tasawa, malamin makaranta ne kamar ke. Ranar Asabar shina zuwa."